Idirisu Mai Rediyo da Kaset ɗin Gamzaki

Duk wanda ya daɗe yana shiga tashar motar Dutse ya san rumfar Idirisu mai gyaran rediyo. Tana jikin katangar gabas, tsakanin mai faci da mai sayar da rake. Yanzu wayoyin hannu sun fi yawa a kan teburinsa, amma har gobe Mai Rediyo ake kiransa. Siririn mutum ne mai magana ƙasa-ƙasa, kuma idan aiki ya ɗauke masa hankali harshensa kan leƙo ta gefen baki. Ba kowa ne ya san ya taɓa fitar da kaset ɗin da aka shafe watanni ana musu a kansa ba.

A wata ruga kusa da Miga aka haife shi. Mutanensa Fulani ne da suka zauna suka kama noma bayan shanu sun ragu. Yana da shekara huɗu mahaifiyarsa ta rasu, sai yayarsa Safiyatu, wadda yake kira Adda, ta tafi da shi gidan aurenta a cikin garin Miga. Shi ta fara goyo kafin ta goyi ɗan cikinta. Ita ta sa shi a firamare, ita kuma ta zane shi ranar da ya kwance rediyon mijinta, Malam Jaji, ya kasa mayarwa. Malam Jaji bai yi faɗa ba. Cewa ya yi tunda hannun yaron na ƙaiƙayi, a kai shi Kiyawa ya koyi abin da kyau. Shekara shida Idirisu ya yi a can. Da aka ƙirƙiro jiha, Dutse ta zama babban birninta, ta cika da ma'aikata, kowa da rediyonsa da rikodarsa, sai ya tattaro kayan aikinsa ya kafa rumfa a tasha.

A rumfar ya yi abokai biyu. Muntaka makaɗin kukuma ne ɗan Aujara, mai dariya da ƙarfi. Nata'ala kuwa yana da fiyano wanda maɓallansa uku suka mutu, kuma kawo shi gyara ne ya haɗa shi da Idirisu. Su biyun gidajen biki suke bi. Da aka ƙaddamar da shari'a a shekarar dubu biyu, kiɗan fili ya yi sanyi, masu biki suka koma walima da wa'azi. Muntaka da Nata'ala suka zama ba su da wurin zuwa sai bencin Idirisu. Nan suke wuni, suna kallonsa yana murɗa rediyo.

Wata rana yana gwada gajeren zango, rediyon ya dinga wani irin fito da kuka yana hawa yana sauka. Muntaka ya ce wannan ai mutanen sama ne ke gaisawa. Idirisu ya amsa gaisuwar da irin muryar, aka yi dariya har mai faci ya leƙo. Daga wannan wasan abin ya faro. Kafin wata biyu sun tsara labari guda, waƙa goma, kowace tana ɗorawa a kan 'yar uwarta. Babu rawa a ciki, babu soyayya, babu muryar mace, don haka ba su ga abin da wani zai kama ba.

Labarin wani saurayi ne mai suna Ɗan'inna. A gefen farko na kaset ɗin, Ɗan'inna ya gaji da garinsu. Ya gaji da zafi, ya gaji da noma, ya gaji da faɗan yayarsa, ya fi gajiya da miyar kukarta. Yana waƙa yana cewa miyar Adda kore shar, jiya ita, yau ita, gobe ma tana nan tana jira. Sai ya haɗa jirgi da tankin ruwa da injin niƙa da farfelar fanka, ya ɗauki akuyarsa, ya tashi zuwa tauraron Gamzaki yana cewa ku zauna da kukarku, ni na yi sama. A nan gefen farko ya ƙare, ƙarar jirgi tana nisa tana ɓacewa.

A gefe na biyu ya sauka a Gamzaki. Mutanen can ba su da baki sai hanci uku, ba sa gaisuwa, kuma abincinsu ƙwaya ɗaya ce da ake shinshinawa sau ɗaya a mako. Ba su taɓa ganin akuya ba, da suka ga gemunta sai suka naɗa ta ciyaman. Yunwa ta kama Ɗan'inna har ya fara ganin taurari kamar malmalar tuwo. Ya gudo, jirgin ya faɗa fadamar bayan gari, yayarsa ta tsamo shi daga taɓo ta zuba masa tuwo. Yana ci yana hawaye yana cewa Adda ƙaro mini, duk sama babu mai hannunki. Wannan waƙar ta ƙarshe ita Idirisu ya fi wahala a kanta. Kwana tara yana gyara ta, don ita ce godiyar da bai taɓa iya yi wa yayarsa baki da baki ba.

A cikin rumfar suka ɗauka, da rana tsaka, sun rufe bango da tabarmi da barguna, suna aiki da baturin mota. Ƙarar jirgi ta injin niƙan wata unguwa ce. Muryar mutanen Gamzaki kuwa, Idirisu ne ya rage wa motar rikoda gudu ya yi magana, da aka mayar da ita daidai sai muryar ta fito siririya da sauri. Da wannan dabarar ya yi muryar yayar Ɗan'inna ma. Bai ba ta wani suna ba, Adda kawai ya kira ta, don bakinsa bai saba da wani ba.

Nata'ala ne ya kai uwar kaset ɗin Kano wurin masu buga kwafi. Da kwalaye suka iso, kafin Idirisu ya buɗe rumfa, Nata'ala ya riga ya raba wa direbobi da masu tura baro na kasuwannin Shuwarin da Kiyawa da Gujungu. Sai da hantsi Idirisu ya ɓare guda ya sa a rikoda. Maimakon ya ji Ɗan'inna yana mitar zafi, sai ya ji mutanen Gamzaki suna shinshine-shinshine. Ya ciro ya duba, ya ɓare wani, ya ɓare na uku. Duka ɗaya. Masu bugawa sun juya: gefe na biyu ya zama na farko, na farko ya koma baya.

Ya zauna ya saurari abin yadda duniya za ta ji shi. Ɗan'inna yana Gamzaki, ya sha yunwa, ya dawo gida, ya ci tuwon yayarsa yana kuka. Sai a juya kaset. Gari ya waye, ya tashi yana zagin miyar da ya ci jiya, ya sake haɗa jirgi, ya ce ku zauna da kukarku, ya tafi. Ƙarshen ke nan, babu dawowa.

Suka yi shawarar a gaya wa masu sayarwa su riƙa cewa a fara da baya. Babu wanda ya ɗauki wannan wahalar. Cikin mako biyu ma wasu sun fara kwafar kwafin.

Kaset ɗin ya shiga gari. Direbobin hanyar Kano suka riƙe shi don yana hana fasinja gyangyaɗi. A teburin mai shayi aka raba gida biyu, wasu na cewa basira ce, wasu na cewa zaman banza ne ya yi wa samari yawa. Wani tsohon makaɗi a Jahun ya ce shi bai ji waƙa ba, ya dai ji injin niƙa. Wani limami da aka kai wa ƙara ya saurara har ƙarshe, ya ce bai ga saɓo a ciki ba, amma da sun yi amfani da lokacin wajen haddar izu ɗaya da ya fi musu. Ma'aikatan ƙaramar hukuma kuwa waƙar akuya suke maimaitawa, suna rage murya idan oga ya taho.

Sai ga maganar Malam Saifuddeen. Malamin Hausa ne a wata sakandare, kuma yana da shiri a rediyo kowace Lahadi da la'asar inda yake auna waƙoƙi da littattafai. An san shi da rowar yabo. Ranar ya ba da shirin gaba ɗaya ga kaset ɗin Gamzaki. Ya ce mutane na dariya ne don ba su saurara da kyau ba. Ya ce fara labari daga tsakiya ba aikin yara ba ne. Ya ce abin da ya taɓa shi shi ne ƙarshen: saurayi ya dawo gida, ya yi kuka a kan tuwon gida, amma kwana ɗaya bai iya ƙarawa ba. Wannan, in ji shi, labarin duk ɗan ƙauyen da ya tafi cirani ne, wanda ya san daɗin gida amma gidan ba shi da abin riƙe shi. Ya kira Idirisu da suna, ya ce jihar nan ta yi sabon marubuci.

A rumfa suka ji shirin su uku. Muntaka ya tashi ya rungume mai faci. Idirisu ya sunkuyar da kai, kuma ba zai ɓoye ba, daɗi ya ji. Shi da bai wuce firamare ba, ga malami yana karanta baitinsa a hankali kamar abin da aka rubuta a littafi. A makon nan wani ɗan kasuwa daga Kano ya aiko cewa yana son su yi na biyu, zai kai su ɗakin ɗaukar sauti na gaske. Nata'ala ya ce daga yau kada wanda ya sake ambaton juyawar nan. Idirisu bai ce e ba, bai ce a'a ba.

Bayan mako uku ya je Miga sunan jikar Adda. Ya sauka daga mota da ledar sabulu da turmin atamfa, ya nufi cikin gida kai tsaye kamar kullum. A bakin ƙofa aka ce masa an shimfiɗa masa tabarma a zaure. Ya zauna. Aka kawo masa shinkafa da miyar tumatir a kwanon tangaran mai murfi, wanda tun yana yaro ba a sauko da shi sai an yi baƙo daga nesa. Har da cokali. Yana jin ƙamshin tuwon dawa da miyar kuka yana fitowa daga cikin gida, ana rabawa kowa, ban da shi.

Malam Jaji ne ya zauna kusa da shi ya warware masa. Ya ce tun da kaset ɗin ya iso garin, Safiyatu ba ta da sakat. Idan ta je niƙa, mata sai su fara miyar Adda kore shar. A gidan biki an tambaye ta ko a ɗauko wata ta karɓe ta girkin, kada baƙi su haɗa jirgi. Da farko dariya take yi. Ranar da malamin rediyo ya ce gidan ba shi da abin riƙe ɗansa, ranar ta shiga ɗaki ba ta fito ba sai la'asar ɗin washegari.

Da yamma ta yi aka bar shi ya shiga. Ya same ta tana kankare tukunya, ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa kamar yadda ake amsa wa maƙwabci. Ya yi mata bayani dalla-dalla, da hannu da komai, yadda aka juya, yadda ainihin labarin yake. Ta bar shi ya gama.

"Na ji da kunnena, Idi," ta ce, ba ta ɗago ba. "Ka ci, ka yi kuka, ka tashi ka zage ni. Malamin rediyo ma haka ya ji. Shi ma bai iya saurare ba?"

"Adda, wallahi kuskuren masu bugawa ne."

"To me ya sa ba ka faɗa ba, da yake yabon ka?"

Ta zuba ruwa a tukunyar ta ce ya gaishe da mutanen Dutse.

A mota yana dawowa ya gane cewa ko ya kawo mata uwar kaset ɗin ba zai wadatar ba. Ba a ɗaki aka ɓata ta ba. A rediyo aka faɗa, gari ya ji, kuma a Miga abin da rediyo ya faɗa ya zauna.

Ana haka sai ga takardar gayyata daga Malam Saifuddeen, yana son su zo shirin kai tsaye. Nata'ala ya zaunar da Idirisu ya yi masa magana ta hankali. Ya ce shekara guda ke nan ba su kaɗa a ko'ina ba, yaransa uku, wannan ce ƙofa ɗaya da ta buɗe. Ya ce mata sukan yi fushi su huce, a kai wa Adda zani mai kyau. Muntaka bai goyi bayan kowa ba, ya dai ce shi tsoronsa kada a kunyata malami a gaban jama'a. Idirisu ya san duk gaskiya suka faɗa. Ya kwana biyu yana gyaran rediyo ɗaya bai gano ciwonsa ba.

Ranar Lahadi suka shiga ɗakin watsa shiri, mai sanyi kamar randa. Malam Saifuddeen ya tarbe su da fara'a, dattijo ne mai furfura a gemu da tabarau a goshi. Aka kunna jar fitila. Ya gabatar da su, ya sa waƙar akuya, aka yi raha. Sannan ya juyo ga Idirisu ya tambaye shi yadda aka yi tunanin ƙarewa da tafiya ya zo masa, alhali kowa da dawowa yake ƙarewa.

Nata'ala ya taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur. Idirisu ya matso da bakinsa kusa da makirufo.

"Allah gafarta Malam, ban yi wannan tunanin ba. Juya mana kaset aka yi a wurin bugawa. Gefen da aka sa a farko shi ne na ƙarshe. Ɗan'inna tafiya ya fara yi, sannan ya dawo, kuma bai sake fita ba. Ina roƙon duk mai kaset ɗin ya fara da baya. Yayata ce ta raine ni tun ina shekara huɗu, tana Miga tana ji. Waƙar ƙarshe tata ce."

Mai kula da na'ura ya ɗago kai ta bayan gilashi. Malam Saifuddeen ya sauke tabaransa daga goshi, ya goge, ya mayar. Da ya yi magana muryarsa ba ta canza ba. Ya ce ya gode da gaskiya, amma shi ma zai faɗi tasa: wanda aka juya ya fi. Idan aka bi yadda suka tsara, in ji shi, ai labarin wani ne kawai da ya ji yunwa ya koma gida.

"Haka ne, Malam," Idirisu ya ce. "Yunwa ce ta dawo da shi."

Mai na'ura ya sa kiɗa kafin lokaci.

Abin da Nata'ala ya ji tsoro ya faru. Ɗan kasuwar Kano bai sake aikowa ba. A tasha aka yi ta tsokanar su cewa su ne mawaƙan da sai an yi musu kuskure suke yin hikima. Malam Saifuddeen bai sake ambaton su ba, sai dai bayan shekaru ya kawo rediyonsa gyara, suka gaisa da mutunci. Nata'ala ya ɗauke fiyanonsa daga rumfar, ya kama acaɓa, kuma sai da aka shekara kafin ya amsa sallamar Idirisu. Muntaka ya koma Aujara noman riɗi. Ba su sake yin wani kaset ba.

Kwana huɗu bayan shirin, wani direban Miga ya tsaya a rumfa ya ce Adda ta ce ya zo ranar Juma'a, kuma ya taho da rikoda mai ƙara.

Ya iso bayan an sauko daga masallaci. Wannan karon babu wanda ya tare shi a ƙofa. Ya tarar da tsakar gida cike da mata, sun kai ashirin, a kan tabarmi a inuwar darbejiya. Adda ta bi su gida-gida ta gayyato, musamman waɗanda suka fi iya waƙar miya. Ta nuna masa turmi ta ce ya ɗora rikodar a kai. Ta ce a fara daga inda ya kamata.

Awa guda cur aka yi. Da aka zo waƙar kore shar wasu suka fara murmushi, ta bi su da ido ɗaya bayan ɗaya har suka daina. Wata ta miƙe ta ce ta bar wake a wuta, Adda ta ce wake ba ya ƙonewa da wuri, ta zauna. Idirisu ya juya kaset ɗin da hannunsa. Aka yi dariyar akuya, aka yi dariyar faɗawa taɓo. Da waƙar ƙarshe ta fara, ya kafa ido a ƙasa, yana jin muryarsa tana roƙon ƙari a gaban matan da suka san shi tun ba shi da wando. Rikodar ta yi ƙas ta tsaya.

"To, kun dai ji," Adda ta ce wa matan. "A gaishe da gida."

Suka watse suna sa albarka. Ta tsaya tana naɗe tabarmi, shi yana naɗe waya, ba wanda ya kalli wani. Sai da ta jingine ta ƙarshe a bango ta juyo.

"Amma Idi, wannan muryar da ka yi mini kamar ta zabuwa. Ni haka nake magana?"

Ya ce a'a, injin ne. Ta ce to injin ba shi da kunya. Ta miƙa masa buta ta ce ya wanke hannu, kuma idan ya gama ya duba mata rediyon Malam Jaji, kwana biyu tasha ɗaya kawai yake kamawa.